Eriyar da ke kwance a ƙasa

Yau da la'asar na shimfiɗa waya mai tsawon mita 300 a fili, don ta zama eriyar kama siginar rediyon da walƙiya ke fitarwa, na kafa turken tagulla mai mita ɗaya da rabi a kowane ƙarshe. Da na auna tsakanin turakun biyu, om 900 na samu (om shi ne ma'aunin turjiyar da ke hana wutar lantarki wucewa), saboda ƙasar ta bushe ƙayau. Na ƙara turaku uku a kowane gefe, tazarar mita biyu tsakaninsu, na zuba ruwan gishiri bokiti biyu a gindinsu, ya sauko kusan om 250. Amma da na haɗa wayar da mashigar sauti ta kwamfuta, ba abin da ke fita sai gurnanin wutar lantarki mai haz 50 (wato kaɗawa sau 50 a daƙiƙa) da 'ya'yansa, wato ninke-ninkensa. Sai da na cire caja, kwamfutar ta koma kan batir, na sa ƙaramar tiransifomar sauti a tsakani, sannan gurnanin ya lafa.

Nan take ƙarar walƙiyar nesa ta fito, tas-tas-tas, kamar ana soya gyaɗa, alhali sama garau take, babu ko ɗigon hadari. A siginar da ba ta kai kilohaz 10 ba (haz dubu goma), wutar da ke bin wayar tana komawa ne ta cikin ƙasa, don haka wayar da ƙasar suke zama zobe guda. Idan ƙasar da ke tsakanin turakun mai duwatsu ce, wutar takan nutsa sosai, zoben ya ƙara girma, ya fi kama sigina. Laima a gindin turaku kaɗai ake so. Har yanzu ina mamakin cewa rabin eriyar nan ƙasar da nake takawa ce.