Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ranar da Baba Ya Kai Ni Bempton

Makon jiya na tsaya a kan maƙwabcina na Hull, birnin da ke Ingila, dattijon nan da ya yi ƙuruciyarsa a jiragen kamun kifi, har sana'ar ta durƙushe bayan rikicin Birtaniya da Aisland kan kamun kifi a 1976. Baba nake ce masa, shi kuma yaro yake kirana, duk da furfurar da ta fara leƙo mini.

Wata Asabar a watan Yuni na dawo daga aikin dare, ko takalmi ban cire ba ya ƙwanƙwasa ƙofa. "Ɗauko rigar sanyi, yaro." Na ce, "Baba, a Yuni?" Bai ko tanka mini ba.

Jirgin ƙasa mai zuwa Scarborough muka hau, muka wuce Bridlington, muka sauka a 'yar tashar Bempton, sannan muka taka fiye da mil guda a tsakanin gonaki. Hanci ne ya fara ba ni labari: ƙarnin kifi da warin kashin tsuntsaye. Sai hayaniya. Sai kawai ƙasa ta ƙare. Farin dutsen alli ne a miƙe tsaye har cikin teku, tsawonsa ya haura mita 100, ga iska mai ratsa ƙashi. Na damƙe shingen katako ina ta salati.

Tsuntsayen teku kusan rabin miliyan ke taruwa a wannan gaɓar tsakanin Maris da Oktoba, ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ce ke kula da wurin. Yawancin masu zuwa fafin suke nema, ɗan guntun tsuntsun nan mai jan baki da ake bugawa a jikin kofin shayi. Na gan shi, yana da kyau, amma ban ga abin rububi ba. Wani tsuntsu mai suna ganet ne ya tafi da hankalina. Fari fat, kansa ruwan ƙwai, bakin fukafukansa kamar an tsoma a tawada, in ya buɗe su sun kusa mita biyu. Da tabaron hangen nesan Baba na ga ɗaya ya yi sama, ya naɗe fukafukai, ya soki ruwa da ka. Sukan faɗo daga tsayin mita 30, da gudun da ya kusa kilomita 100 a awa. Ƙwai ɗaya suke yi, kuma da tafin ƙafa suke rufe shi, ba da ciki ba. Kowace sheƙa an gina ta daidai inda bakin maƙwabci ba zai kai ba. Wanda ya sauka a gurbin wani kuwa, sai ya sha sara.

Baba bai cika kallon tsuntsayen ba, labari yake ta zubawa. Ya ce a da mutanen ƙauyukan nan igiya suke ɗaurawa a ƙugu, 'yan'uwansu su zura su ƙasa, su kwashi ƙwan tsuntsun gilimot, wanda ko sheƙa ba ya yi, a kan tsurar dutse yake ajiye ƙwansa. Dokar kare tsuntsaye ta 1954 ce ta kashe wannan sana'ar. Kafin nan ma an yi ta'asa: masu yawon shaƙatawa kan zo a kwale-kwale su yi ta harbi, ana cire gashin tsuntsun kitiwek ana ƙawata hulunan mata. Wani limamin coci a Bridlington, Barnes-Lawrence, shi ya tsaya kai da fata har majalisa ta yi dokar kare tsuntsayen teku a 1869. Hujjar da ta fi burge Baba ita ce ta matuƙa jirgi: in hazo ya rufe, kukan tsuntsayen ne ke gaya musu dutse na kusa. "Ba tausayi ba ne kawai, yaro," in ji shi, "rai suke ceto."

Da zai ba ni shayi daga fulas sai ya nuna wata sheƙar ganet mai ɗan tsako, ya ce idan kaka ta yi, irin waɗannan da yawa sukan gangara kudu har gaɓar Muritaniya da Senegal, ba uwa ba uba. "Sun fi ka zuwa gida." Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini, don a lokacin rabona da Gusau an daɗe.

A jirgin komawa barci ya fara fizgata, sai waya ta yi ƙara. Yaya ne, kuma Yaya ba ya kira da rana sai da dalili. Abin da ya faɗa mini, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.