Na ajiye bindiga, na ɗauki guduma

Yau wata shida ke nan da na tuɓe kakin sojan Amurka na shiga koyon kafinta a ƙarƙashin ƙungiyar kafintoci, wadda aka kafa tun 1881. Ta shirin Helmets to Hardhats na samu shiga, shi ne ke haɗa tsofaffin sojoji da sana'o'in gini. Shekara 4 ake yi, kana aiki ana biyanka, albashi na ƙaruwa mataki-mataki. GI Bill kuma, wato tallafin karatu da koyon sana'a da gwamnatin Amurka ke bai wa tsofaffin sojoji, na taimaka min da kuɗin haya.

Watannin farko bayan barin bariki sun yi min nauyi ƙwarai. Sai in farka da asuba in rasa inda zan dosa.

A makona na farko na koyon kafinta na yanke katako ya gaza da rabin inci. Dattijon da ke koya min bai ɗaga murya ba. Ya zaro fensir daga bayan kunnensa, ya kama hannuna ya gyara min riƙon tef, muka sake awo tare. Wallahi sai da na ji ƙwalla.

Jiya na tayar da bangon katako ni kaɗai, tazarar inci 16 tsakanin katakan da ke tsaye, dattijon ya duba ya gyaɗa kai. Alhamdulillah.