Na je Ghana neman koko, aka fara nuna mini agade

Ni da ƙanena muka yanke shawarar buɗe 'yar gonar koko ta iyali, shi ya sa na tafi Ghana in ga yadda masu abin suke yi. Hanya ba ta da labari, in ban da wani jami'i a wani shinge da ya riƙe fasfona yana jujjuyawa, ko sallamata bai amsa ba.

Na fara da Mampong ta Akuapem, inda Tetteh Quarshie, wani maƙeri, ya shuka irin da ya kawo daga tsibirin Fernando Po a 1879. Gonar tana nan, ƙarama ƙwarai. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne kwanson koko a jikin gangar bishiya yake fitowa, kuma wasu 'yan mitsi-mitsin ƙudaje ne ke haɗa furen.

Karatun gaske a kusa da Tafo na same shi, wajen wani dattijo da ya sauke ni, yana jin Hausar zango. Na ce, "Baba, kai ni sabuwar gonarka." Ya kai ni, na duba ban ga komai ba sai agade da gwaza da rogo. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, sunkuya." Ashe dashen kokon na ƙasa, bai wuce gwiwa ba, kowanne mita 3 tsakaninsa da ɗan'uwansa, kusan 1,100 ke nan a hekta ɗaya. A wajenmu sai an share gona fes ake shuka, shi kuwa koko tun yana ƙarami rana ke kashe shi, don haka inuwa ake fara dasawa. Agaden kuma shi ke ciyar da gida har shekara uku zuwa biyar, kafin koko ya kawo ko sisi. Wannan lissafin ne ya kamata mai iyali ya fara yi, ba na fili ba.

Da yamma 'ya'yansa suka fasa kwansuna, kowanne da ƙwaya 30 zuwa 40 cikin farin yauƙi mai zaƙi. Aka tara su a ganyen agade aka lulluɓe, za su kwana shida ana juyawa kafin a shanya. Na cusa hannu cikin tarin shekaranjiya, zafi rau! Baba ya ce mai gaggawar shanya shi ke ɓata sunan koko.

Farashi kuwa ba a ciniki. Gwamnati ke yanke kuɗin buhu mai kilo 64, hukumar koko ta ƙasar, COCOBOD, ke kula da sayen. Manomi ya huta da 'yan baranda, amma a ganina an ɗaure shi da yawa, musamman shekarar da kasuwar duniya ta tashi. Baba kuma ya ƙi karɓar ko sidi ɗaya, kuɗin Ghana, na masauki, har ya ɓata rai da na matsa.

Na leƙa cibiyar binciken koko ta Tafo, wadda aka kafa a 1938, na ga bishiyoyin da cutar kumburin reshe ta kama, wadda maganinta sarewa kawai. A hanyar Kumasi ramukan masu haƙar zinariya sun cinye gonaki, koguna sun koma ruwan ƙasa. A can na kwana na kamo hanyar gida.