Sahun Asuba a Luwang Parabang

Jirgin ƙasan da ya haɗa Lawos da Sin, wanda aka buɗe a watan Disamban 2021, shi ya ɗauko ni daga Biyantiyan, babban birnin ƙasar Lawos, cikin kimanin awa biyu ya ajiye ni a Luwang Parabang, tsohon birnin sarauta da ke mahaɗar kogin Nam Kan da na Mekon. Mai masaukina ta ce in dai Sanga na zo gani, wato jama'ar sufayen addinin Buddha, to sai in yi sammako.

Ina idar da sallar asuba na fito bakin titi, na tarar da mata durƙushe a kan tabarmi, kowacce da ɗan kwandon shinkafa mai danƙo da ta dafa tun da duhu. Can sai ga sufayen sun ɓullo a jere, ƙafa ba takalmi, kai a aske, sanye da mayafi ruwan goro, kowanne rataye da kwanonsa. Ganin ƙananan cikinsu ya tuna mini almajiranmu, domin yawancinsu 'ya'yan talakawan ƙauye ne da neman karatu ya kawo su. Sai dai a nan ban ji roƙo ba. Sufi yakan buɗe murfin kwano, a jefa masa curin shinkafa, ya wuce bai ce uffan ba, ita kuwa mai bayarwar ce take haɗa tafukan hannu ta sunkuyar da kai, saboda a ganinsu ita aka yi wa alheri da aka ba ta hanyar samun lada.

Da rana, a harabar Wat Siyang Tong, wurin ibadar da Sarki Settatirat ya gina wajen shekarar 1560, na tambayi wani matashin sufi dalilin da ya sa na ga dattijo mai furfurar gira yana bin bayan wanda bai kai ɗansa ba. Ya ce su da damina suke ƙirga girma: wanda ya fi yawan damina cikin mayafin shi ne gaba, ko da ɗan manomi ne yake gaban ɗan sarki. Cikakken sufi yana ƙarƙashin dokoki 227, waɗanda ake karantawa a taro duk mako biyu bayan kowa ya faɗi laifinsa ga ɗan'uwansa, kuma daga tsakar rana babu sauran cin abinci sai washegari. Yana cikin bayanin sai waya ta yi ƙara a cikin mayafinsa, ya yi murmushin jin kunya ya kashe ta.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne 'yan yawon buɗe ido da ke kutsawa cikin sahu suna haska fuskokin sufayen da fitilar kyamara. Washegari na koma can ƙarshen layi inda babu su, na ga wasu yara tsugune da kwanduna, sufayen suna ɗebo shinkafa daga kwanonsu suna zuba musu.