Taron tsofaffin ɗalibai: abin da na gani a wata sakandaren Katolika ta Amurka

Jama'a akwai maganar da ke ta cin raina tun da aka fara shirin taron 'yan ajinmu na bayan sallah, yau dai sai na faɗe ta. A guruf ɗinmu na WhatsApp akwai wani abokinmu Kirista ɗan Malumfashi, tare muka yi sakandare nan Katsina, yanzu yana Amurka da iyalinshi, ɗiyarshi na wata sakandaren Katolika a can. Shi ya turo mana bidiyon bikin dawowa gida da makarantunsu ke yi duk shekara wajen Satumba ko Oktoba, inda tsofaffin ɗalibai ke komowa makarantarsu.

Shi bikin ba na coci ba ne asali, jami'o'i suka faro shi, irin su Baylor a 1909 da Missouri a 1911, daga baya sakandare suka ɗauka. Ana fareti, a zaɓi sarki da sarauniya cikin ɗalibai, a yi rawa, sai babban wasan ƙwallonsu ta ture-ture ɗin nan (American football) ranar Juma'a da dare. Wannan duk bai dame ni ba, kowa da al'adarshi. Abin da ya tsaya mani a rai shi ne yadda 'yan Katolika suka sa ibada a tsakiyar abin.

A bidiyon, kafin a taɓa ƙwallo sai da aka yi Misa, wato babbar ibadar Katolika, a babban zauren wasanni na makarantar, 'yan wasa sun jeru a gaba sanye da rigunansu masu lamba, ga tsofaffi masu furfura a bayansu har da wani a keken guragu, Fada, wato limaminsu, ya sa wa 'yan wasan albarka, sannan aka zo wajen da ya sa na maimaita bidiyon: wata yarinya ta hau mumbari tana karanto sunayen tsofaffin ɗaliban da suka rasu a shekarar, ɗaya bayan ɗaya, da shekarar da kowa ya gama, duk suna ɗaya sai a kunna kyandir. Zauren tsit wlh. Yarinyar ba ta san ko ɗaya cikinsu ba, wasu sun yi jika da ita, amma a hankali take kiran sunan kamar na 'yan gidansu.

Su Katolika yi wa mamaci addu'a babban abu ne a wajensu, har rana suka ware, 2 ga Nuwamba, kuma watan duka na tunawa da mamata ne. To nan ne na ga mun yi kusa, don mu ma ai ba mu yarda alaƙa ta yanke da mutuwa ba. Kuma ba kowace makaranta ce a Amurka za ta iya haka ba fa. Kotun ƙolinsu ta hana addu'ar da hukuma ke tsarawa a makarantun gwamnati tun 1962, a shekarar 2000 kuma ta hana yin addu'a ta lasifika kafin wasan ƙwallo a irin waɗannan makarantun. Na Katolika masu zaman kansu ne shi ya sa hukuncin bai hau kansu ba, iyaye da dama ma don wannan suke biyan kuɗin makarantar duk da tsadarshi.

Yanzu mu dawo gida. Garin nan da aka buɗe Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920, wadda ta yaye su Tafawa Ɓalewa da Sardauna, garin hasumiyar Gobarau, ba mu za a koya wa haɗa karatu da addini ba. Amma ku faɗi gaskiya, ya taronmu yake? A ce wane buɗe mana da addu'a, ya yi salati da Fatiha cikin minti ɗaya ana ta danna waya, shikenan sai jawabin ciyaman, sai rigimar kuɗin anko da wanda bai biya na wata ba, sai shinkafa da hotuna. In an tuna da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, a dunƙule ake cewa Allah ya jiƙansu, ko suna ba a kira. Alhali a ajinmu akwai wanda muka haɗa gadon kwana da kwanon gabza da shi a hostal, ya rasu ya bar yara ƙanana, kuma da yawanmu ko unguwar da matarshi take ba su sani ba. Wannan abin yana mani ciwo ƙwarai.

Ba cewa na yi mu kunna kyandir ba, muna da namu. Ga abin da na tura wa kwamiti: a raba izu sittin a guruf tun saura sati, ranar taro mu yi azahar cikin jam'i a masallacin makaranta tare da yaran da ke karatu yanzu, a kira sunan kowane mamaci da na malamanmu, a yi masu addu'a. 'Yan'uwanmu Kiristoci na ajin su ma a ba su lokaci su yi tasu, ga babban cocin St. Martin de Porres nan cikin gari in can suka fi so, tun 2023 ma Katsina ke da nata bishop, Gerald Mamman Musa, Bahaushe. Kuɗin anko kuwa a raba biyu, rabi a kai wa marayun ajinmu hannu da hannu. Sakatare ya ce ranar Asabar za a zauna a kai, don Allah duk wanda ya san gidan iyalin wani marigayi ya tura mashi kwatance kafin nan.