Fowil ko mai jan baya: yinin da na yi a wajen dillalan mota

Talata, bayan isha'i.

Tun da na idar da sallar asuba ban zauna ba sai yanzu. Maganar motar nan da muka daɗe muna ja ni da Yaya ce ta fitar da ni. Tun da muka faɗaɗa gonar shinkafarmu ta gefen Auyo, kuɗin haya ke cinye mana riba: a kai taki a biya, a kai iri a biya, a kwaso shanshera a biya. Sai muka ce gara mu haɗa abin da noman rani ya bari mu sayi a-kori-kura tamu. Cewa Hilux za a saya, wannan babu gardama, domin daga Kano har Haɗeja da wuya ka tsaya a garejin da ba a san cikinta ba, kayan gyaranta kuma ga su nan jibge a Ƙofar Ruwa. Inda muka rabu shi ne wace iri: mai ja da tayoyin baya kaɗai, ko fowil mai ja da duka huɗun.

Yaya mai jan baya yake so, kuma yana da hujja. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin fetur ya tafi, duk mai mota lita yake ƙirgawa. Ya ce tafiyarmu kusan duka a kan kwalta take, daga gida zuwa Haɗeja, daga can zuwa Dawanau, to don me za mu ɗauki ƙarin ƙarfen da sai dai ya sha mai?

Na biya na ɗauki bakanikenmu, dattijon da tun zamanin mahaifinmu yake taɓa mana mota. Baba muke ce masa. Ko kuɗin motar ban fara tambaya ba sai da na tabbatar yana gefena.

Dillalin ya tarbe mu da fara'a. "Alhaji, ka zo a sa'a, yau akwai kaya." Ya fara kai mu gaban wata fara, doguwa, tayoyi manya, an manna 4x4 ɓaro-ɓaro a gefen bodinta. Ni dai ta cika min ido. Baba bai ce uffan ba, ya nemi kwali ya shimfiɗa, ya shige ƙarƙashinta. Da ya fito sai ya kaɗe rigarsa ya ce, "Ɗana, wannan ta baya kaɗai take ja. Tsayi aka ba ta." Ya kira ni na durƙusa, ya nuna min: babu ƙaramin akwatin giyar nan da ke bayan babbar giya mai raba ƙarfi gaba da baya, babu sandar da ke tafiya gaba, tsakanin tayoyin gaba kuma wayam. Ya ce akwai irin da kamfanin ke yi haka tun asali, Prerunner, wadda ta fi yawa a motocin Tailan, mota ce mai kyau a matsayinta, amma takardar da aka manna mata ba tata ba ce. Dillalin ya ce shi ma haka aka kawo masa ita. Ban ja maganar ba.

Daga nan zaɓi ya koma tsakanin guda biyu, duka masu injin fetur 2.7. Ɗaya mai jan baya ce, ta fi sabunta, cikinta tsaf, fenti bai taɓu ba. Ɗayar fowil ce ta gaske, ta girme ta, kujerar direba ta ɗan yage, kuma duk da haka ta fi tsada. Bambancin kuɗin zai saya mana takin da ba kaɗan ba, wannan kam ya tsaya min a rai.

Abin da ya fi amfanata yau shi ne gwajin da muka yi. Baba ya roƙi dillalin ya bar mu mu fita da su bayan gari, inda akwai wani kwari mai yashi da masu tifa ke bi. Muka fara da mai jan baya. A kwalta babu abin da za ka ce mata, sitiyari sakayau, tafiya lafiya lau. Muna shiga yashin, tayar baya ɗaya ta fara juyawa a wuri guda tana haƙa rami, ɗayar kuma ta tsaya cik. Baba ya ce laifin ba na inji ba ne. A-kori-kura in babu kaya bayanta ba nauyi, nauyin duk yana gaba wajen inji, tayoyin da ke ja kuwa su ne ba a danne ba. Ga shi aksul ɗin baya yana tura ƙarfi ne ga tayar da ta fi samun sauƙin juyawa, wato wadda ta rasa abin kamawa. Ya sa aka rage iskar tayoyin, samari uku suka hau baya, sai ga ta ta fito. Ya ce da kaya a bayanta da taya mai manyan haƙora, mai jan baya tana yin abin da mutane ba sa zato.

Na ji daɗin wannan, don maganar Yaya ce take samun ƙarfi. Amma nan take wani abu ya faɗo min. Mu in za mu kwaso shinkafa, ai wayam muke shiga gona. A hanyar shiga ne motar ba ta da kaya, kuma a nan ne lakar take.

Sai fowil ɗin. Kusa da babbar giya akwai ɗan ƙaramin hannu mai rubutu uku: H2, H4, L4. Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana min bayani kamar mai karantar da almajiri. A H2 tayoyin baya kaɗai ke ja, nan za ta zauna kullum a kan titi. H4 na yashi ne da laka da hanyar burji mai santsi. L4 kuwa sai an tsaya cak kafin a sa ta, tafiyarta a hankali, amma ƙarfinta na fitar da mota daga rami ne ko hawan gangare da kaya. Ya sa H4, muka bi ta inda waccan ta kafe, ko gezau ba ta yi ba.

Gargaɗin da ya yi min sau biyu ya maimaita shi. Kada a kuskura a bar ta a H4 a kan busasshiyar kwalta. In an sa ta, gaba da baya a ɗaure suke, dole su juya daidai, alhali a kwana tayoyin gaba sun fi na baya cin tazara. A laka taya takan ɗan zame ta sauke wannan matsin, a kwalta kuwa babu inda za ta zame, sai ƙarafan su riƙa murɗe juna, taya ta cinye, wata rana a ji ƙara. Ya ce yawancin fowil ɗin da ake kawo masa a lalace, ko wannan ne ya kashe su, ko kuma rashin amfani: mutum ya shekara bai sa ta ba, mai bai zagaya ba, ranar da ya buƙace ta ta ƙi shiga. Don haka ko da rani a riƙa sa ta lokaci zuwa lokaci a hanyar ƙasa. Ya ƙara da cewa fowil tana taimakon tafiya ne kawai, birkinta ɗaya da na kowace mota, kada direba ya ga ta fita daga laka ya ɗauka santsi ya daina yi mata komai.

Bai ɓoye min wahalarta ba. Ta fi nauyi, don haka ta fi shan mai ko a H2 take. Akwai man aksul ɗin gaba da na ƙaramin akwatin giya da za a riƙa canzawa, akwai robobin da ke rufe gaɓoɓin tayoyin gaba, in sun yage yashi ya shiga shi ke nan. Nauyin nata ma yana ɗan rage kayan da za ta ɗauka, ko da yake duka biyun abin da aka yi su dominsa bai wuce kusan tan ɗaya ba, buhun taki ashirin ke nan mai kilo 50, duk da na san yadda muke lafta musu.

Bayan azahar na kira Yaya daga masallacin da ke kusa da wurin. Na faɗa masa duk abin da na gani, har da yadda mai jan baya ta fito da aka danna bayanta. Ya ce, "To ka gani." Na ce, "Yaya, lissafinka na kwalta daidai ne, amma ba kwalta ce ke hana mu barci ba." Daga inda titi ya ƙare zuwa bakin gona tazara ce 'yar kaɗan, sai dai baƙar ƙasar fadama ce, in ta sha ruwan Agusta ko mai babur sauka yake ya tura. Kuma a daidai lokacin ne shinkafa ke neman taki na biyu. Na tuna masa daminar 2022, da ambaliya ta mamaye yankin Haɗeja, yadda masu motocin haya suka ƙi shiga ko nawa za a ba su, takinmu ya kwana a bakin titi a ƙarƙashin leda har lokacinsa ya wuce. Asarar wannan shekarar ta fi ƙarin man da fowil za ta sha nesa ba kusa ba. Wanda aikinsa daga shago zuwa kasuwa ne a cikin gari, wallahi mai jan baya zan ce ya saya, ya adana kuɗinsa. Mu ba haka aikinmu yake ba.

Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Baba me ya ce?" Na miƙa wa Baba wayar. Abin da ya faɗa masa kawai shi ne ƙarƙashin tsohuwar lafiya yake, fowil ɗinta tana shiga tana fita ba gardama, kuma bai ga alamar an taɓa kwance ta ba. Yaya ya ce a yi ciniki, Allah ya sa albarka.

Cinikin ya ja mu har la'asar. An rage abin da aka rage, dillali ya tsaya a kan la'adarsa, na ba da kafin alƙalami da sharaɗin sai mun tantance takardun kwastam da lambar bodi kafin in cika sauran. Gobe da safe za mu je wannan. In komai ya yi daidai, daga can garejin Baba za ta wuce a zubar da duk man da ke cikinta a sa sabo, tayoyin baya biyu kuma sun sha jiki, sai an canza su kafin ruwa ya sauka.