Tsanin kwali da na gina sau uku

A shekarata ta biyu a jami'a, haddace tsarin DNA (sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a jiki, mai siffar tsani) na yi kamar karatun allo: haruffansa huɗu suna haɗuwa bibbiyu, A da T, G da C. Ko daga barci aka tashe ni zan faɗa, amma dalilin haɗin bai shige ni ba, sai ranar da malaminmu ya ce kowa ya gina nasa da kwali da waya.

Na yanka kwalin sukari gida huɗu. A da G manya ne, zobe bibbiyu gare su, T da C kuwa zobe ɗai-ɗai. Cikin gaggawa na haɗa A da G, sai tsanin ya kumbura a wurin. Inda na haɗa C da T kuma ya tsuke. Ashe dole babba ya riƙe ƙarami, shi ya sa faɗin tsanin ke zama ɗaya daga sama har ƙasa. Na warware na sake, amma gefen biyu suka ƙi haɗuwa. Malam ya duba ya ce, "Ɗiyata, juya ɗayan kansa ya kalli ƙasa." Ina juyawa komai ya zauna. Igiyoyin biyu kai da ƙafa suke kwanciya, abin da na sha karantawa ban taɓa gani ba.

Daga baya na ji cewa shi ma James Watson kwali ya yanka a Kambirij a 1953, kafin shi da Francis Crick su fitar da tsarin. Amma sai da ya ga hoton DNA da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin a Landan a 1952. Ta rasu a 1958 tana da shekara 37, lambar Nobel ta wannan aikin kuma ta zo wa su Watson a 1962, ban da ita. Har yau abin yana taɓa min zuciya.

Ƙanena yana da sikila, kuma a darasin na san asalinta: harafi ɗaya ne a ƙwayar gadon da ke haɗa sinadarin jini, GAG ya koma GTG. Da dare na zare A ɗaya daga tsanina na sa T, na canja abokinsa. Tsanin ya zauna daram, babu alamar an taɓa shi. A ɗakin da ke kusa, Umma na gasa masa ƙafafu da ruwan ɗumi.